Injin Tururi a Garkar Baba

Shekarar da aka tura ni koyar da kimiyya a wata sakandare a Birnin Kebbi, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, babu darasin da nake ji da shi kamar na injin tururi. Nakan tsaya gaban allo in zana jirgin ƙasa har da hayaƙinsa, alhali ko ɗalibi ɗaya bai taɓa ganin jirgi ba, don dogo bai iso wajenmu ba. Ni malamin sau ɗaya na gan shi a Gusau, yana tsaye, daga baya kuma aka ce mini wannan ɗin ma gas yake sha. Duk da haka nakan yi bayani kamar a cikin tukunyar jirgin aka yanke mini cibiya.

Bayanin dai ba shi da wuya. A hura wuta ƙarƙashin tukunya, ruwa ya tafasa ya zama tururi. Shi kuwa tururi ba ya son matsi: ruwan da ya zauna lafiya cikin cokali ɗaya, in ya zama tururi sai ya nemi wurin da ya fi cokali dubu. In aka rufe shi ya rasa mafita, sai ya ture duk abin da ya tare masa gaba. Masu dabara suka sa masa fistan a gaba, irin wanda makanikai suka sani, tururi ya tura fistan, fistan ya juya ƙafar jirgi. Da ya gama turawa sai a sallame shi ya fita, ko a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake daga farko. A ƙasan allo nakan rubuta da manyan baƙaƙe cewa zafi yana zama aiki, in ja layi biyu a ƙarƙashi.

Duk Juma'a in an tashi nakan shiga mota in tafi gida Argungu. Baba manomin albasa ne. Yana da garka, wato lambu, kusa da bakin Gulbi, da 'yar rijiya marar zurfi a tsakiya, da jigo a kanta. Jigo doguwar sanda ce da aka ɗora bisa gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan. Ka ja guga ya nutse, laka ta taya ka ɗagowa, ka juye a magudana, ruwa ya bi fangali bayan fangali. Haka Baba yake yi tun sassafe har rana ta take. A shekarar nan kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, har in zai sa riga sai ya cije baki. Bai taɓa hana ni karatu ba, amma kuma ban taɓa ganin alamar ya ɗauki karatun a bakin komai ba. Abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Wata Asabar muna cin tuwon shinkafa a zaure, ni da Baba da Kawu. Kawu ƙanen Inna ne, kuma babbar sana'arsa ita ce ba da shawarar da ba a nema ba. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ɗauko darasina na aji na shimfiɗa musu, har na kai wurin da zafi yake zama aiki. Kawu ya ajiye lomarsa ya ce in haka ne ai shi ya fi kowa aiki a Argungu, don duk bazara yana kwance ƙarƙashin darbejiya yana shan zafi tun safe har la'asar, kuma ba wanda ya taɓa yi masa sannu. Baba bai yi dariya ba. Ya wanke hannu, ya dube ni.

"Malam, shekara goma sha nawa kana bisa benci. Gwada mani abu guda da karatun ga naka ka iya yi cikin garka. Guda ɗai."

Da na yi shiru da an wuce wurin, don Baba ba ya maimaita magana. Amma ni bakina ya saba riga hankalina tashi. Na ce nan da mako biyu zan ja masa ruwa daga rijiya da wuta kawai, ba tare da ya taɓa jigo ba. Baba ya ce Allah ya kai mu. Kawu ya ce amin har sau uku, da irin muryar wanda aka gayyata biki.

Ba a banza na yi alkawarin ba. Na karanta cewa tun kafin a yi jirgi, aikin da aka fara sa tururi shi ne jan ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai, kuma injin farkon ko fistan ba shi da shi. Ka cika mazubi da tururi har ya kori iskar da ke ciki, ka rufe, ka kwara masa ruwan sanyi. Tururi ya tsuke ya koma ɗan cokalinsa, cikin mazubi ya zama fayau. Ita kuwa iskar waje tana da nauyi, tana danne komai har da ruwan rijiya, saboda haka in akwai bututu daga rijiya zuwa mazubin, sai ta turo ruwa sama ya cike gurbin. Na gwada a ɗakina na haya a Gwadangaji da gwangwanin madarar gari da 'yar roba da risho. Gwangwani ya zuƙe ruwan kofi ɗaya tas, har da ɗan ƙaransa na ƙarshe irin na mai shan kunu. Na yi rawa ni kaɗai a ɗaki, da wandon aiki da singileti.

Saura babban mazubi, kuma duk danginmu mutum ɗaya ke da shi. Inna tana gumi, wato tana turara shinkafa kafin a kai inji, kuma ta daɗe tana burin duro. A watan nan ne wani ɗan uwanta da ke aikin hanya ya kawo mata ɗaya, sabo fil, da murafansa biyu a ka, ko tabo babu. Ta wanke shi, ta kafa shi a inuwa, tana jiran a yanka mata shi biyu, rabi na gumi rabi na ruwa. Maƙwabta mata har zuwa suke su gan shi.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ci abinci sai ta gaya wa bango cewa tuwo yana hucewa. In na yi laifi kaji ke shan faɗa. Na durƙusa nesa kaɗan na roƙi aron duro na yini ɗaya, ita kuwa ta ci gaba da tsince shinkafa, ta gaya wa wata kaza mai 'ya'ya cewa duro ba littafi ba ne da ake aronsa. Na ce ko huda shi ba zan yi ba. Ta shaida wa kazar cewa wasu mutane in sun yi boko sai su ga kayan kowa nasu ne. Na faɗi abin da Baba ya ce a zaure, da alkawarin da na ɗauka. Nan hannunta ya tsaya cikin faifai.

"A hwaɗa mishi shi ɗauka," ta ce wa kazar. "Amma in ya lotsa ko da kamar ƙwarar gero, shi biɗi wata uwa."

Na kwance murafan biyu na tafi da su Birnin Kebbi, wurin wani mai walda a Nasarawa. Na zana masa abin da nake so: duro bisa wuta, famfo a kan ƙaramin murfi don fitar tururi, famfo a kan babban murfi haɗe da dogon bututun ƙarfe mai gwiwa da zai sauka cikin ruwa. Ya daɗe yana kallon zanen, sa'an nan ya kalle ni daga hula har takalmi. Ya ce shi dai aikinsa walda, bai gani ba bai ji ba, amma a matsayina na malamin makaranta ya kamata in ji tsoron Allah. Sai da na yi rantsuwa cewa ba giya zan dafa ba. Ko da na zo karɓa bai yarda ba, don ya rage murya ya ce in abin ya yi kyau kada in ce shi ya haɗa mini.

Ran Juma'a, ana gobe mako biyu zai cika, na iso gida da bututu ɗaure a saman mota. Ya kwana a tsakar gida, da safe muka kwashi kaya zuwa garka. Ban san Kawu ya riga ya yi mini shela ba. Ya bi majalisa-majalisa yana cewa ɗan yayarsa ya ƙera jirgin ƙasa a cikin albasa, kuma ranar Asabar zai tashi. Kafin mu kafa duro bisa duwatsu uku, masu garkunan maƙwabta sun bar aikinsu sun zo, wasu masunta ma sun hauro daga Gulbi da tarunsu a kafaɗa. Kawu ya naɗa kansa masani, don a cewarsa yana saurayi ya taɓa shiga jirgi mai tururi da kwandon banda. Ya gargaɗi jama'a cewa tukunyar jirgi in ta fashe sai an tsinci ƙarfenta a wani gari, saboda haka kowa ya koma bayan danni, wato shingen garka, ya leƙo. Ya kuma zo da wani tsohon usur, ya ɗaure a bakin ƙaramin famfo da tsumma, ya ce jirgin da ba ya kuka ba jirgi ba ne.

Ganin taro ya sa na manta da duk wani abin da ya kamata in duba. Na ɗaura bututu a kan babban murfi, Baba ya zura ɗaya kan cikin rijiya, ni kuwa ina can na juya wa rijiyar baya ina lacca. Na zuba ruwa kaɗan a duro, na hura wuta da itacen da na kwaso daga madafin Inna. Sai na ce ina buƙatar guga huɗu na ruwan sanyi a ajiye kusa.

Baba ya tambayi inda za a samo su. Na ce a rijiya. Ya tambayi da me za a ja su. Na ce da jigo.

Bayan danni aka fara tari. Kawu ya ce shi bai taɓa ganin injin jan ruwa da sai an ja masa ruwa ba, wannan kamar ka ɗauki ɗan aike ne ka goya shi zuwa inda ka aike shi. Na yi bayani iya ƙarfina. Na ce kowane inji mai aiki da zafi sai yana da gefe biyu, gefen zafi da gefen sanyi, kuma zafi daga mai zafi yake gangarowa zuwa mai sanyi, a hanyarsa ta gangara ne ake tatsar aiki. Zafin da ya isa gefen sanyi kuwa ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Babu injin da ke mayar da duk zafinsa aiki, ko Turawan da suka ƙago shi ba su iya ba.

"Wato ɓarna tana cikin ƙa'idatai?" in ji Baba.

Na ce haka ne.

"Shi ci da yawa, shi yi aiki kaɗan." Ya juya ya dubi Kawu. "To ai mun san irinsu."

Aka yi dariya, har Kawu ya taya, kuma Baba da kansa ya ja guga huɗun nan da kafaɗar da ke ciwo. Na ga yadda yake runtse ido a kowane ja, na ce a raina wannan ne na ƙarshe.

Ruwa ya tafasa. Duro ya fara gunaguni, tururi ya fito fari tas ta ƙaramin famfo, ya shiga usur ɗin Kawu. Wani kuka ya tashi siriri, ya yi ta kauri har jakin maƙwabci ya amsa. Mutanen bayan danni suka yi ta kabbara, wani dattijo ya ce lallai boko gaskiya ne. Na saci kallon Baba. Yana tsaye da hannu a baya, amma ya matso taku biyu. Wallahi a duk rayuwata ban ji daɗin da na ji a wannan lokacin ba. Na bar usur ya yi ta kuka fiye da yadda ake buƙata, don kawai kada abin ya ƙare.

Daga nan na janye itace, na rufe ƙaramin famfo, na buɗe na bututu, na kwara guga na farko a kan duro. Ya yi cuu, tururi ya turnuƙe, sa'an nan wuri ya yi tsit. Na kara kunne kusa da bututu ina jiran ƙarar hawan ruwa. Ban ji komai ba. Na kwara guga na biyu. Duro ya ce ƙis, ya ƙara cewa ɗas, kamar mai gyaran murya. Hankali ya ce in dakata in duba, amma idon jama'a yana kaina, sai na ɗauki guga na uku na juye gaba ɗaya.

Ƙarar da ta biyo baya har masu wanki a bakin Gulbi sun ji ta. Na samu kaina zaune cikin magudana, guga a cinyata. Danni ya kwanta, don duk waɗanda suka jingina da shi sun bi ta kansa. Wani masunci ya harɗe cikin tarunsa yana birgima yana salati, shi ya kama kansa da kansa. Kawu, masanin jirgi, ya tsallake fangali uku ya faɗa na huɗu, ya bar takalmi ɗaya a na biyu. Baba kaɗai ne bai motsa ba.

Da ƙura ta lafa aka dawo da sanɗa ana neman ɓallin ƙarfe, sai aka tarar duro bai fashe ba. Ciki ya shige. Ya lotse ta gefe uku, tsakiyarsa ta tsuke, kansa ya karkace, ya tsaya bisa duwatsunsa kamar tsohon da aka nausa a ciki. Wannan ya fi fashewa tayar wa mutane da hankali. Fashewa dai an san ta, amma ƙarfen da ƙato zai hau ya yi tsalle bai lotsa ba, a ce ya dunƙule ba wanda ya taɓa shi? Dattijon da ya yabi boko ɗazu ya tambaye ni wa ya buge shi.

Na tashi ina ɗigar ruwa, na ba da amsar da ke cikin littafi. Na ce iska ce.

Na ga fuskoki sun canja, amma ban gane ba. Ni iskar shaƙa nake nufi, su kuwa a wajensu iskar da ke murɗe ƙarfe da rana tsaka iri ɗaya ce, wadda ake yi wa hayaƙi da rubutu. Maimakon in lura sai na ƙara bayani. Na ce ai tana nan ko'ina, ba a ganinta ne kawai, kuma tana da nauyin gaske. Na ce ko yanzu da muke tsaye tana bisa kan kowa tana danne shi, sabo ne ya sa ba ma ji. Wani ya shafa kansa ya ja baya. Na ce ita ce ma ke zaune bisa ruwan rijiyar nan, ita nake so ta turo mana shi sama, da ba ta samu hanya ba sai ta huce a kan duro. Masuncin da ya fito daga taru ya ce dama shi ya daɗe yana jin wani iri in ya bi ta wajen rijiyar nan. Wani ya ce kakarsa ta taɓa faɗa. Kafin in rufe baki an samo wa rijiyar Baba mazauna, har an fara gardamar ko farare ne ko baƙaƙe, kuma an ce kukan usur ne ya tashe su.

Na bar su suna gardama na je na jawo bututu daga rijiya, don in san abin da ya hana ruwa hawa. Da na ɗago bakinsa sai na ga wani abu cushe a ciki, ya shige sosai. Na sa tsinke na zaƙulo. Totuwar masara ce, an naɗe ta da ƙyallen wani tsohon zane mai ruwan bula, an cusa da kyau yadda ko tururuwa ba za ta wuce ba. Na san zanen. Inna ba ta barin bakin komai a buɗe a gidanta. Tulu, buta, kwalbar mai, har takalmin Baba takan cusa wa tsumma saboda kunama. Ta ga bututun ɗanta kwance a tsakar gida baki wangame, ta ji tsoron kada ƙadangare ya shiga ya ɓata masa aiki, ta toshe. Ina kyautata zaton ta ma faɗa, sai dai kaji ta faɗa wa.

Na dunƙule totuwar na sa a aljihu. Ina juyowa na ga Baba tsaye, bayansa Kawu da takalmi ɗaya da sauran jama'a.

"Malam," ya ce, "iska ta, ko kai na?"

Amsa uku ke gabana. In na bar maganar iska, na fita kunya, amma daga ranar ba mai sake shan ruwan rijiyar Baba, kuma albasarsa sai ta yi suna a kasuwa. In na ciro abin da ke aljihuna, kowa zai san injina ba shi da laifi, amma kafin azahar duk Argungu ta ji cewa matar Baba ce ta toshe jirgi da totuwa, kuma Kawu zai yi ta ba da labarin har jikoki. Ta ukun ita ce ta fi ɗaci, kuma ba ƙarya ce zalla ba, don wanda ya tsaya lacca bai leƙa bututunsa ba ai ba zai ce hannunsa tsarkakakke ne ba.

"Ni na, Baba. Rijiya lahiyarta lau. Ni niy yi kure."

Baba ya gyaɗa kai, ya juya wajen mutane ya ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Kun dai ji. Rijiyata ba ta da kowa. Ɗana na bai iya ba."

Na san dole ya faɗi haka, kuma dole ya faɗa da ƙarfi. Sanin bai hana maganar shiga ta inda ta shiga ba. Jama'a suka watse suna dariya, Kawu ya raɗa mini suna direban duro, sunan da ya bi ni har makarantar da nake koyarwa. Baba kuwa ya nufi jigo, don albasa ba ta sha ruwa ba tun safe. Na ce ya bari in ja. Ya ce in kai wa uwata kayanta tukuna. Kafin in tafi na jefa totuwar cikin sauran garwashi, na tsaya har ta cinye.

Ɗaukar duron nan daga garka zuwa gida ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi a Argungu. Na aza shi a ka, ya zauna daram don lotsawar ta yi daidai da kaina, mata suna leƙowa ta katanga. Inna tana tsakar gida na sauke shi. Ta zagaya shi sau biyu. Sa'an nan ta fara, kuma wannan karon ko kaji ba ta nema ba, duron kansa ta yi wa magana. Ta yi masa ta'aziyya. Ta ba shi haƙuri da ya faɗa hannun 'yan boko tun bai ga shinkafa ko sau ɗaya ba. Ta tuna masa yadda ta wanke shi da toka da sabulu. Na shige zaure na zauna, ina jin komai.

Tana cikin haka Baba ya dawo, aka kawo mana abincin rana, mu biyu kaɗai, don Kawu ya tafi yaɗa labari. Muna ci muryar Inna tana shigowa, ba ta gaji ba.

"Ni da har bututun nan nashi nit toshe mishi da totuwa don ƙadangaru. Zanena niy yaga. Ko an gode ba a ce ba, ga sakayyata."

A wajenta duk mai hankali yakan cire marufi kafin ya yi amfani da abu, saboda haka ko a mafarki ba ta kawo cewa totuwar ta shiga rijiya ba. Amma Baba ya shekara arba'in yana bi da ruwa ta magudana, ya san abin da toshiya take yi. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma na dubi miya.

"Totuwar, ka gane ta?" ya tambaya a hankali.

Na ce na gani.

"Tun kahin in tambaye ka?"

Na ce tun kafin.

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake, irin wadda ba ta da sauti, yana dafe da kafaɗar dama saboda zafi, hawaye na zubo masa, yana nuna mini da hannu kada in yi motsi Inna ta ji. Ni ma ta kama ni, na cusa hula a baki. Muka yi ta yi kamar ɓarayi biyu, a can ciki kuwa ana ci gaba da zaman makokin duro. Da ya samu numfashi ya tambaye ni ko da ba totuwa da injin ya ja ruwan. Na ce a gwangwani dai ya ja. Ya ce to a bar shi a gwangwani.

"Uwarka ba za ta ji wagga magana ga bakina ba," ya ce. "Kai ma ka riƙe."

Na riƙe, shi ma ya riƙe. Bai taɓa wanke ni a gaban mutane ba, kuma ban so ya yi ba. Amma daga ranar, duk lokacin da Kawu ya kira ni direban duro, Baba yakan dube ni ta gefen ido ya ci gaba da abin da yake yi, ni kuwa wannan kallon ya ishe ni. Shi ya riga Inna tafiya da shekara shida. Ita kuwa har ta koma ga Allah, in aka ambaci duro takan gaya wa duk wanda ke kusa cewa akwai wani da ya cuce ta, ni kuma nakan sunkuyar da kai in ce gaskiya ne.